Yadda Ake Gyara Jita Mai Lantarki Idan Muryarta Ta Ƙi Daidaita a Tsakiyar Wuya

Tun da hunturun bana ya kama, kusan duk wanda ya kawo mini jita a nan Aboabo, cikin Kumasi, kukansa ɗaya ne. Ya ɗaure tsirkiyoyinsa shida, tiyuna, wato na'urar auna murya, ta nuna masa kore a kan kowacce, amma da zarar ya hau tsakiyar wuya ya kama kod, wato muryoyi da yawa a tare, sai sautin ya yi tsami, mai fiyano ya riƙa hararar sa a gaban jama'a a wurin biki. Wasu suna cewa jitar ta lalace, wasu kuma sun riga sun ɗauki sukudireba sun murɗa duk wani sukuru da idonsu ya gani, har sai da abin ya fi da muni. Wannan matsala ita ce makaɗa ke kira intoneshan, kuma mafi yawan lokaci mutum yana iya gyara ta da kansa a ɗakinsa, muddin ya bi matakan bi da bi bai tsallake ko ɗaya ba.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka taɓa komai shi ne, a cikin firet, wato siraran ƙarafan da aka jera a wuyan jita, na 12 yana zaune ne a rabin tsawon tsirkiya, don haka muryar da yake bayarwa ita ce muryar tsirkiyar a sake, sai dai ta fi ta siranta da oktaf ɗaya. Duk lokacin da ka danna tsirkiya kana ƙara mata ɗauri kaɗan, shi ya sa ake ja da sirdin kowace tsirkiya baya domin a rama wannan ƙarin. Sirdi shi ne ɗan ƙarfen da tsirkiya take hawa a kan jaki, jaki kuwa, kamar na molo da garaya, shi ne abin da ke tallafe tsirkiyoyi a jikin jita. Matsar da sirdi shi ne aiki na ƙarshe, domin duk abin da ka canza a gabansa yana rushe shi.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar tiyuna mai karanta kowace murya, ƙaramin sukudireba mai kan tauraro da mai faffaɗan baki, alanki ƙanana (makullan sukuru masu kusurwa shida), rular ƙarfe mai milimita, kafo (abin da ake maƙalawa a wuya ya danne duka tsirkiyoyi a firet ɗaya), filaya mai yanke waya, tsumma mai laushi, da sabon saitin tsirkiya. Idan kana son awo na gaske ka ƙara da filageji, wato siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna bakin fulogi da su. Alanki da filageji ba sai ka neme su a shagon kayan kiɗa ba, masu sayar da kayan aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, suna da su, kuma sau ɗaya za ka saya. Kuɗin da ba makawa sai ka sake kashewa shi ne na tsirkiya, wadda farashinta ke bin dala, saboda haka ka tambayi shago biyu ko uku a Adum, cibiyar kasuwancin garin, kafin ka fitar da sidinka. Ka ware wa aikin awa biyu idan karon farko ne, kuma kada ka soma shi ranar da kake da wasa.

Hattara da alanki. Jitocin Fender da aka ƙera a Amurka suna amfani da awon inci, yawancin waɗanda aka ƙera a Asiya kuwa, irin su Squier da Ibanez, awon milimita ne. Alankin da ya shiga yana lilo a cikin rami ba nasa ba ne, kuma idan ka matsa masa zai cinye bakin sukurun, ƙaramin aiki ya koma babba.

1. Tabbatar da cutar

Haɗa jitar da tiyuna ta waya, ka duba cewa tiyunar tana kan 440, wato ma'aunin muryar A da aka saba da shi, domin na sha ganin wadda hannu ya taɓa ta koma 442 mai ita bai sani ba. Manhajar wayar salula tana aiki idan ɗakin shiru ne, amma a unguwanninmu da janareta da rediyon maƙwabta ba sa hutawa, allurarta rawa kawai za ta riƙa yi. Ka zaɓi fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na kusa da wuya, ka ɗan rage maɓallin kaifin sauti, tiyuna ta fi karanta shi a tsanake.

Ka zauna ka rungumi jitar yadda kake riƙe ta a wurin wasa. Ka saita tsirkiyoyin a kan E, A, D, G, B, E, daga mafi kauri zuwa mafi siranta, sannan a kowace tsirkiya ka kaɗa ta a sake, ka danna firet na 12 ka sake kaɗawa, ka rubuta a takarda ko ta haura ko ta gaza, da kuma yawan tazarar. Da sent ake auna tazarar murya, kuma tsakanin firet da mai bi masa akwai sent 100. Kuskuren sent 2 ko 3 kunne ba ya cika kama shi, amma na 10 ko wanda ba makaɗi ba, zai ji wani abu bai zauna ba. Wasu suna gwadawa da amon da ake samu idan aka ɗora yatsa a saman firet na 12 ba tare da dannawa ba, kuma hakan daidai ne, domin shi ma oktaf ɗin tsirkiyar a sake yake bayarwa.

Kada ka auna jita tana kwance a kan tebur. Nauyin wuyanta kaɗai ya isa ya canza abin da tiyuna za ta nuna, sai ka gyara ta a kwance, ka ɗaga ta ka tarar da wani abu dabam.

2. Sa sabbin tsirkiyoyi

A nan rabin jitocin da ake kawo mini suke warkewa. Zufar hannu da laimar damina a Kumasi suna sa tsirkiya tsatsa da wuri, datti ya cika tsakanin naɗin masu kauri, ƙasanta kuma ya lotsa a inda take gugar firet. Tsirkiyar da nauyinta bai zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, babu inda za ka kai sirdi ta faɗi gaskiya. Ka shafa yatsa a ƙarƙashinta, idan ka ji kaushi ko gargada, ta gama aiki.

Ka sayi kaurin da ka saba da shi, ko 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46 (lambar mafi siranta zuwa ta mafi kauri), waɗanda su ne aka fi samu. Idan ka sauya kauri, ɗaurin da ke kan wuya ya sauya, kuma dole ka bi matakai na 3 da na 4 da kyau. Ka cire tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman idan jakin jitarka mai lilo ne, ka naɗa sabuwa zagaye biyu zuwa uku a kan maɗauri, kowane zagaye yana sauka ƙasan na farko. Bayan ka saita ta, ka kama ta a tsakiya ka ɗan ja ta sama a hankali, ka sake saitawa, ka maimaita har sai ta daina sauka. Kullum ka iso murya daga ƙasa; idan ka wuce, ka sassauta ka sake hawowa.

Hattara da jabu. Na taɓa ɓata yammaci guda ina kai sirdi gaba ina dawo da shi baya a kan tsirkiyar D da ta ƙi zama, ashe saitin da na saya da araha a wani shago kwalinsa ne kawai na kamfani. Da na sa wata, cikin minti biyar aikin ya ƙare. Idan sabuwar tsirkiya guda ta bambanta da 'yan'uwanta ƙwarai, ko allurar tiyuna ta ƙi tsayawa a kanta, ka zarge ta kafin ka zargi jita. Guntun siririyar E da ka yanke kuma kada ka yar, yana da amfani a mataki na gaba.

3. Duba lanƙwasar wuya

Wuyan jita itace ne, kuma itace yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Jitar da aka saita a watan Yuni ana tsakiyar ruwa ba za ta kasance yadda take ba a watan Janairu da iskar hunturu ta busar da komai. A lokacin ne ma za ka ji bakin firet yana kartar tafin hannunka. Kafin ka auna, idan wuyan na ɗaurin sukuru ne, ka tabbatar sukurori huɗun da ke bayansa a ɗaure suke.

Ka sa kafo a firet na 1, ka danna tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe, sannan ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiyar da saman firet na 8. Awon da kamfanin Fender ke bayarwa ga yawancin jitocinsa shi ne wajen milimita 0.25. Idan ba ka da filageji, guntun siririyar E ta saitin 10 kaurinta ke nan daidai, sai ka zura ta a tsakani: ta shige tana ɗan shafar sama da ƙasa. Idan tazarar ta yi yawa, wuyan ya rusuna gaba, sai a ƙara ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa ta hanyar juya ta yadda hannun agogo ke tafiya. Idan tsirkiyar ta kwanta a kan firet babu tazara ko kaɗan, sai a sassauta.

Wannan ne wurin da ganganci ke da tsada. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyi, ka juya kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, iyaka kwata, ka sake saita murya, ka auna. Idan ka yi juyi mai ɗan yawa, ka bar jitar ta kwana kafin ka ci gaba, domin itace ba ya amsawa nan take. Idan sandar ta cije ta ƙi juyawa, ka tsaya nan, ka kai wa mai gyara. Sandar da ta karye a cikin wuya, a kan jita mai araha, gyaranta yakan fi kuɗin sabon wuya.

4. Daidaita tsayin tsirkiya

Gwargwadon nisan tsirkiya daga firet, gwargwadon yadda dannawa ke ƙara mata ɗauri, gwargwadon haurawar murya. Ka cire kafo, ka ɗora rula a kan firet na 17, ka auna zuwa ƙasan tsirkiya. Wajen milimita 1.6 shi ne mafari mai kyau. Mai nauyin hannu ya ƙara kaɗan a ɓangaren masu kauri. A jaki irin na jitar Stratocaster kowane sirdi yana da ƙananan sukurori biyu na alanki, ka juya su daidai wa daida kada sirdin ya karkace, kuma tsayin sirdi shidan ya bi ƙobobon allon wuya. A irin na jitar Les Paul ƙafafu biyu ne a gefe da gefe suke ɗaga jakin gaba ɗaya, sai ka sassauta tsirkiyoyi kafin ka ɗaga. Ka bi firet ɗaya bayan ɗaya ka saurara ta amfilifaya; ɗan zuzun da ba ya fita ta lasifika ba abin damuwa ba ne.

5. Matashi da fikof

Idan kod na farkon wuya ne ke tsami, irin su G da D da E, alhali firet na 12 lafiya lau, to laifin na matashi ne, wato farin abin nan mai tsaga shida da tsirkiyoyi ke ratsawa kafin su kai maɗauri. Ka danna tsirkiya a firet na 3, ka dubi saman firet na 1: tazarar ta zama kamar kaurin takarda. Idan ta fi haka sosai, tsagar ba ta yi zurfi ba, kuma babu abin da sirdi zai iya yi a kai. Zurfafa tsaga yana buƙatar zarto na musamman, kuma abin da ka goge ba ya dawowa, don haka shawarata ita ce ka biya mai gyara wannan ɗan aikin. Abin da za ka iya yi da kanka shi ne ka goga bakin fensir a cikin tsagar domin tsirkiya ta daina maƙalewa.

Fikof kuwa maganaɗisu ne, idan ya matso kusa ƙwarai yana jan tsirkiya, sai ka ji murya tana rawa kamar biyu ne ke faɗa, musamman a kan E mai kauri a saman wuya. Ka danna firet na ƙarshe ka auna daga kan fikof zuwa tsirkiya: wajen milimita 2 zuwa 2.4 a ɓangaren masu kauri, 1.6 zuwa 2 a ɓangaren sirara. Idan kana shakka, ka saukar da shi kafin ka shiga mataki na gaba.

6. Matsar da sirdi

Yanzu ne aka zo ga aikin da aka kawo jitar dominsa. Ka sake saita duka shidan, ka fara da siririyar E. Kaɗa ta a sake, allura ta tsaya a tsakiya. Danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake dannawa a wasa, yatsa dab da bayan firet, ka kaɗa da irin ƙarfin da ka kaɗa ta farko. Murya takan ɗan haura a farkon kaɗawa sannan ta sauko, saboda haka ka zaɓi lokaci ɗaya da za ka riƙa karantawa, misali bayan daƙiƙa guda, ka tsaya a kansa har ka gama.

Ka'idar guda ce, kuma ka haddace ta: ta haura, ja baya, ta gaza, tura gaba. Idan muryar firet na 12 ta haura, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka ja sirdi nesa da wuya. Idan ta gaza, ta yi tsawo, sai ka tura shi wajen wuya. A jakin Stratocaster sukurun yana bayan jakin, juya shi yadda agogo ke tafiya yana jawo sirdi baya. Ka fara da rabin zagaye, ka sake saita tsirkiyar a sake, ka sake dannawa. Wannan sake saitawar ita mutane suka fi mantawa da ita, alhali matsar da sirdi da kansa yana canza muryar tsirkiyar, kuma awon da aka yi ba tare da ita ba banza ne. Sau uku ko huɗu yakan isa ga kowace tsirkiya, kuma tun daga juyin farko za ka gane sent nawa rabin zagaye yake ci a jitarka.

Ka sassauta tsirkiya kafin ka ja sirdi baya, domin jan sa a ƙarƙashin cikakken ɗauri yana cinye kan sukuru, yana kuma raunata tsirkiyar a daidai inda take hawa. Ka shimfiɗa tsumma a bayan jaki saboda sukudireba kan zame ya karce fenti. Idan kana tura sirdi gaba kuma ka ga kan sukurun ne ke fitowa sirdin bai motsa ba, ka tura sukurun da bakin sukudireba har ya koma mazauninsa. Sukurun da ya yi tsatsa, ɗigon man keken ɗinki da haƙurin rabin awa sun fi ƙarfin damtse.

Yatsanka ma yana iya yi maka ƙarya. A jita mai dogayen firet, matsawa da ƙarfi kaɗai tana haurar da murya, sai ka yi ta ja da sirdi baya kana gyara laifin hannunka.

Idan ka gama shidan, ka dubi jakin daga sama. Da saitin da G ɗinsa ba ta da naɗi, sirdi shidan sukan fito kamar matakala biyu: siririyar E a gaba, B a bayanta, G a bayan B, sannan D ta dawo gaba, A ta ja baya, E mai kauri ta fi kowa nisa. Sirdin da ya fita daga wannan tsari da nisa yana gaya maka tsirkiyarsa ko awonka yana da matsala.

7. Idan jakinka wani iri ne

A jakin Tune-o-matic na jitocin Gibson da Epiphone, kan sukurori wani lokaci wuya suke kallo, wani lokaci baya, saboda haka kada ka haddace dama ko hagu, ka juya kaɗan ka ga inda sirdin ya nufa. Tafiyar sirdinsa gajera ce. Idan ya kai bango bai isa ba, ana iya cire shi a juya fuskarsa domin a sami ƙarin wuri.

Jakin tsohon samfurin jitar Telecaster sirdi uku gare shi, kowanne yana ɗauke da tsirkiya biyu, don haka ba za ka sami duka biyun daidai ba. Ka raba kuskuren a tsakaninsu, ɗaya ta ɗan haura ɗaya ta ɗan gaza, ko ka sayi sirdin da aka fere musamman domin rama wannan bambanci.

Jaki irin na Floyd Rose shi ne mai cin rai. Jakin yana lilo ne tsakanin jan tsirkiyoyi da jan sifirin da ke bayan jita, taɓa tsirkiya ɗaya yana motsa sauran biyar. Ka buɗe murfin baya ka cusa ɗan katako ya tokare jakin a daidai kwancinsa, ka kwance makullin matashi, yawanci da alanki mai milimita 3. Sirdinsa ba shi da sukurun turawa: sai ka sassauta tsirkiyar sosai, ka kwance ɗan sukurun da ya danne sirdin, ka matsar da shi da hannu kamar milimita guda, ka ɗaure, ka sake hawo da murya. Idan ka kwance sukurun tsirkiya tana ɗaure, sirdin zai yi tsalle gaba, ka rasa inda yake tun farko. Ka ɗiga alama da alƙalami a gefensa kafin ka taɓa shi.

8. Gwaji da kunne

Ka sake bin shidan da tiyuna, sannan ka duba firet na 5 da na 17. Daga nan ka ajiye tiyuna, ka kaɗa tsirkiya a sake tare da kod a saman wuya, ka yi irin kiɗan da kake yi a wurin aiki. Mai kaɗa hailaif da yatsunsa ke yini tsakanin firet na 5 da na 12 a kan sirara uku, can ya kamata ya fi ba muhimmanci, ko da zai sadaukar da sent ɗaya ko biyu a inda ba ya zuwa.

Kada ka nemi kamala. An jera firet ne bisa tsarin da ya raba oktaf gida 12 daidai, kuma a wannan tsari murya ta uku a babban kod tana haurawa da kusan sent 14 a kan abin da kunne ya fi so. Haka fiyano ma take. Ɗan tsamin da kake ji tsakanin G da B a wasu kod daga nan yake, ba daga sirdi ba.

Idan firet ɗaya ko biyu ne kawai suke ƙarya, ka duba su da fitila, za ka tarar sun lotsa ko ɗaya ya ɗago daga mazauninsa, wannan kuma aikin mai gyara ne. Idan kuwa sirdi duka sun kai ƙarshen tafiyarsu muryar ba ta zauna ba, ka ɗauki rula ka auna daga bakin matashi zuwa tsakiyar firet na 12. A tsawon Fender na inci 25.5 za ka sami wajen milimita 324, a na Gibson mai inci 24.75 wajen 314. Daga firet na 12 zuwa sirdin siririyar E ya kamata ka sake samun wannan adadi da ɗan ƙari kaɗan. Jitocin gwanjo da ake shigowa da su sau da yawa an sauya musu wuya a can, kuma idan awon biyu suka bambanta da milimita da yawa, to wuyan ba na jikin ba ne, sai dai a sake wa jaki mazauni ko a nemo wuyan da ya dace. Ka tafi da rular nan a aljihu duk ranar da za ka sayi jita ta hannu.